Almajirin da ba shi da allo: zare ga 'yan'uwana Kiristocin Jigawa

1/ Zan faɗi maganar da na san za ta ɓata wa wasu rai, amma a daure a kai ƙarshe kafin a zage ni. Mu Kiristocin Jigawa muna zaune a tsakiyar mutanen da suka ƙware wajen sa littafi a ka, amma da yawanmu ba za mu iya kawo sura guda ta Littafi Mai Tsarki da ka ba. Kuma ko a jikinmu. 🧵

2/ 'Yan'uwa Musulmi da ke bibiyata, wannan faɗan cikin gida ne, ba da ku nake ba. In kuna so ku zauna ku sha kallo. Za a ambace ku da yawa a zaren nan, kuma ba da sharri ba.

3/ Ka kwana a Aujara ko Jahun ko Kiyawa dare ɗaya. Tun gari bai waye ba za ka ji muryoyin yara na tashi daga makarantar allo. Bayan isha'i ma haka, a gefen wutar kara. Yaro ɗan shekara 12, ba waya, ba fitilar kansa, rigarsa ɗaya, amma ka tsayar da shi a hanya zai zubo maka izu-izu ba ya ko haki.

4/ Mu fa? Littafi a waya, fassara uku ko huɗu, na Hausa da na Turanci, har da mai karanta maka da murya. Ga wani a gida mai bangon fata da zif. A ce kawo Zabura 23, aya shida kacal. Sai mu fara da ƙarfi, mu kai aya ta uku mu koma "hmm hmm" kamar mai bin waƙar Indiya.

5/ Gwada yanzu. Rufe ido ka jero Dokoki Goma. Ba sai kalma da kalma ba, ma'anar kawai. In ka gama, faɗi littafi da surar da suke ciki. Ina jira.

6/ Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sunan da muke kiran kanmu. Littafinmu na Hausa bai kira su Bitrus da Yakubu "mambobi" ba. Almajirai ya kira su. Kowace Lahadi muna cewa mu almajiran Yesu ne, kuma a ƙasar nan ba wanda ke buƙatar a fassara masa wannan kalma.

7/ Almajiri yana da malami, yana da allo, yana biya karatu, yana tilawa. Ka cire waɗannan, me ya rage? Ƙoƙon bara. Haka da yawa muke zuwa gaban Allah: a ba ni aiki, a ba ni miji, a ba ni biza, a ba ni maki. Karatu kuwa babu. Almajirin da bara kawai ya iya, ko a tsangaya ba a ganinsa da daraja.

8/ Hujjar farko na santa tun kafin a buɗe baki: "Ai mu ba addinin hadda muke yi ba, mu na Ruhu ne." Na ji ta a zumuntar ɗalibai, na ji ta a bakin manya. Lalaci ne kawai aka sa masa kwat da taye aka miƙa masa makirfo.

9/ Je ka duba Yahaya 14:26. Cikin ayyukan Ruhu Mai Tsarki da Yesu ya ambata a wurin akwai tuna wa almajirai abin da ya riga ya faɗa musu. Tunatarwa fa. Ana tuna wa mutum abin da bai taɓa shiga kunnensa ba? Ko tuƙa-tuƙa sai da ruwa a ƙasa take kawowa.

10/ Shi kansa Ubangijin da muke bi, ya ya yi? Matiyu 4: kwana 40 a jeji, ga yunwa, ga Iblis. Gwaji uku, amsa uku, dukansu daga littafin Maimaitawar Shari'a, ɗaya daga sura 8, biyu daga sura 6. Littafin nan dai da muke tsallakewa in mun ɗauki alwashin karatun shekara, mu maƙale a Littafin Firistoci tun watan Fabrairu.

11/ Luka 4: ya shiga majami'a a Nazarat, aka miƙa masa naɗaɗɗen littafin Ishaya, ya warware ya sami wurin da yake so. Ku tuna lokacin babu lambar sura, babu lambar aya. Rabon surorin da muke amfani da shi sai a farkon shekarun 1200 aka yi shi, ana danganta shi da Stephen Langton na Ingila. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai 1551.

12/ Wato wanda bai san littafin ciki da bai ba, ba zai gano wurin ba. Mu da aka yanka mana shi gunduwa-gunduwa, aka sa lamba, har yanzu in fasto ya ce a buɗe Habakuk sai rabin coci ya koma shafin farko yana neman jerin sunaye.

13/ A kan gicciye, hannuwa a kafe, numfashi na ƙarewa, abin da ya fito daga bakinsa Zabura ce: farkon ta 22, daga baya kuma aya daga ta 31. A irin wannan sa'a mutum ba ya ƙirƙirar sabuwar magana. Abin da ya daɗe da zama a ciki shi ke fitowa.

14/ Addu'ar Yunusa a sura 2, ka ɗora ta kusa da Zabura, za ka ga kusan duk jimlolinta daga can suka taso. Ba fitila a cikin kifi, ba netwok. Waƙar Maryamu a Luka 1 tana tafiya ne a sawun addu'ar Hannatu ta 1 Sama'ila 2. Yarinyar ƙauye fa, ba malamar Attaura ba.

15/ Hujja ta biyu ta fi ta farko wayo: "Ai Shaiɗan ma ya haddace." Gaskiya ne. A wannan Matiyu 4 ɗin ya jawo Zabura 91 ya ce Yesu ya diro daga kan Haikali. Farisiyawa ma sun haddace, kuma su suka fi shan faɗa a bakin Yesu. Ban musa ba.

16/ Amma duba da kyau. Da Iblis ya murɗe aya, da me aka mayar masa? Da wata ayar. Da a ce Yesu aya ɗaya tak ya sani a kan kariyar Allah, da hujjar Iblis ta zauna daram. Maganin mai murɗe Nassi shi ne wanda ya fi shi sanin Nassin. Jahilci bai taɓa korar kowa ba.

17/ Farisiyawa kuma ba a tsawata musu don sun sani ba, sai don sun sani sun ƙi yi. Likita ya sha taba ba ya sa a rufe makarantar likitanci.

18/ Hujja ta uku ita ce wadda ake faɗa ƙasa-ƙasa: "Wannan ai kwaikwayon Musulmi ne." To ko da kwaikwayon ne, in maƙwabcinka ya fi ka iya gyaran rumbu sai ka bar gara ta cinye geronka don kar a ce ka kwaikwaya? Amma ma ba kwaikwayo ba ne. Kayan gidanmu ne muka yar.

19/ A Masar, tun ƙarni na huɗu, dokar zaman sufaye ta Fakomiyus ta ce duk mai zama cikinsu sai ya koyi karatu, kuma sai ya haddace wani abu na Nassi, aƙalla Zabura da Sabon Alkawari. "Aƙalla" fa aka ce. A 787 babban taron ikilisiya a Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, ya ce ba a naɗa bishop sai ya san Zabura da ka. Duka 150.

20/ A Habasha har gobe akwai makarantun coci na gargajiya inda yara ke zama gaban malami suna rera Zabura, wadda suke kira Dawit, har ta zauna. Wasunsu ma barin gida suke yi, su bi ƙauyuka suna roƙon abinci. In ka ga hotonsu ba ka karanta bayanin ƙasa ba, za ka rantse tsangayar Hadejia ce.

21/ Kuma dole ce ta sa. Injin buga littafi na Gutenberg sai wajen 1455 ya fitar da Littafi Mai Tsarki. Sama da shekara 1,400 talakan Kirista ba shi da kwafin kansa. Mutum ɗaya ke karantawa, jama'a na saurare, su tafi da shi gida a ka. Wasiƙun Bulus ma don a karanta su da ƙarfi gaban taro aka rubuta su. Duba ƙarshen Kolosiyawa.

22/ Littafin ma da kansa an gina shi don baki da kunne. Zabura 119, aya 176, an kasa ta kashi 22, kowane kashi aya takwas, kuma duk ayoyin kashi ɗaya da harafi ɗaya na Ibrananci suke farawa, bi da bi har haruffan su ƙare. Wa ke wahalar tsara abu haka in ba don a riƙe shi a ka ba?

23/ Ga wani abin da ya kamata a koya mana tun a makarantar Lahadi. Kalmar Ibrananci da ke Zabura 1 da Joshuwa 1:8, wadda ake fassarawa da tunani ko bimbini, ita ce dai aka yi amfani da ita a Ishaya wajen gurnanin zaki a kan abin da ya kama, da kukan kurciya. Sauti ne. Leɓe na motsi.

24/ Wato abin da aka umarci Joshuwa ya fi kama da tsohon da ke zaune a zaure yana tilawa ƙasa-ƙasa, fiye da ɗalibin da ya kalli ayar safe a waya na daƙiƙa biyar ya ɗora ta a status ya wuce TikTok.

25/ Mu dawo gida. Littafin nan bai faɗo daga sama da Hausa ba. J. F. Schön ya fitar da Matiyu da Hausa a 1857. Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, ya ƙarar da shekaru shi da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, kafin cikakken Littafin ya fito a 1932. Sabuwar fassara ta biyo a 1979.

26/ Kakanninmu da suka karɓe shi a tashoshin mishan irin su Roni, da yawansu da girmansu suka koyi baƙi. Wasu ba su koya ba har suka mutu. Amma je ka zauna da tsohuwar zumuntar mata wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ka fara aya, ta ƙarasa maka, da Hausar 1932, tana tsinkar zogale ba ta ko ɗago kai ba.

27/ Jikanta na jami'a, yana da digiri a hanya, yana da data. Ita ke da Littafin. Shi manhaja gare shi.

28/ To me ya sa abin ya dame ni haka? Na farko, takarda tana ƙonewa. A watan Satumba na 2006 an yi rikici a Dutse aka ƙona majami'u da dama. Yawancin 'yan ajinmu muna goye ko muna tatata lokacin. Ban kawo wannan don tayar da tsohon miki ba. Tambaya ce: washegari da safe, da me mutanen nan suka yi sujada?

29/ 'Yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014, wasu cikin waɗanda suka dawo sun ba da labarin yadda suka riƙa rubuta ayoyi a ɓoye cikin littattafan rubutu, suna rera waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa. Sa'o'inmu ne ko yayyenmu. Ba wadda aka ba sanarwar mako guda ta shirya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

30/ Amma kar mu ɓuya a bayan manyan masifu, don yawancinmu ba daji za a kai mu ba. Jarabawarmu ƙanana ce kuma kullum ce. A nan ne rashin Nassi a ka yake kashe mu a hankali ba mu sani ba.

31/ Ɗakin kwanan ɗalibai, ƙarfe goma na dare, an ɗauke wuta. Abokin ɗakinka ya tambaye ka cikin mutunci, ba da tsokana ba: "Wai da gaske alloli uku kuke bauta wa?" Sai ka fusata, ko ka ce "bari in tambayi fastonmu." Shi kuma in ka tambaye shi nasa, aya zai kawo maka, ya gaya maka surar.

32/ Alhali a Markus 12, da aka tambayi Yesu doka mafi girma, da kaɗaitakar Allah ya fara, ya ɗauko ta daga Maimaitawar Shari'a 6:4. Ba sai ka je makarantar tauhidi ba. 1 Bitrus 3:15 ta ɗora wa kowane mai bi zama a shirye ya ba da amsa, kuma ta haɗa da sharaɗin tawali'u da ladabi. Fushi yawanci alamar ba ka da abin faɗa ne.

33/ Ba cewa nake a haddace don a ci muhawara ba. Masu neman aya don su jefi maƙwabci da ita sun ishe mu a kowane ɓangare. Cewa nake mutum ya iya faɗin abin da ya gaskata, a natse, da kalmomin Littafinsa, ya koma ya ci tuwo da wanda ya tambaye shi.

34/ Sai 'yan damfara. Kowane mako sabon "annabi" a waya, yana sayar da mai, da ruwa, da hankici, yana cewa a turo kuɗin iri kafin sha biyun dare. Su wa yake kamawa? Wanda ya san labarin Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8, da amsar da Bitrus ya ba shi da ya zo da kuɗi, ba zai tura ko sisi ba.

35/ Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17, Bulus da kansa ya yi musu wa'azi, suka koma suna bincike kullum ko abin da ya faɗa haka yake. Aka yabe su. Bulus fa. Mu kuwa duk wanda ya sa farin kwat ya yi ihu da Turanci, amin kawai.

36/ Yanzu bari in taɓa inda zai yi zafi. Da yawa cikin masu raina laya, laya suka mayar da Littafi Mai Tsarki. A buɗe Zabura 91 a ajiye a kan gado don mayu. A sa shi ƙarƙashin matashi. A manna aya a gilashin mota. Shafin har ya yi ja don ƙura, amma mai ɗakin bai san abin da aya ta tara ta ce ba.

37/ Bambancin wannan da ɗaura guru a ƙugu, don Allah a gaya mini. Fata ce dai da takarda.

38/ Ƙanwar laya ita ce aya guda da aka fizge daga gidanta. Irmiya 29:11 tana kan riga, tana kan kalanda, tana kan kek ɗin bikin kammala karatu. Wa ya karanta daga aya ta huɗu? Wasiƙa ce ga mutanen da aka kwashe bauta zuwa Babila, kuma aya ta goma ta ce sai sun yi shekara 70 a can.

39/ Kafin alkawarin, an ce musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'ya, su nemi zaman lafiyar garin da suke baƙunta, su yi masa addu'a. In akwai surar da aka rubuta wa Kirista mai shago a Aujara, ko ma'aikaciyar jinya a Jahun, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo Kiyawa yana kuka, ita ce wannan. Mun yanke aya ɗaya mun zubar da sauran.

40/ Haka Filibiyawa 4:13. Ana rubuta ta a bangon littafi ranar jarabawar da ba a yi wa karatu ba. Bulus daga kurkuku ya rubuta ta, kuma ayoyin da ke gabanta a kan koyon zama da ƙoshi da yunwa suke. Aya ce ta ɗalibin da garinsa ya ƙare saura mako biyu hutu, ya ƙi satar na wani.

41/ Shi ya sa nake cewa a haddace sura, ba tsintar aya ba. Sura tana zuwa da abin da ba ka so. Ka ɗauki wasiƙar Yakubu: ba za ka kai ƙarshe ba sai ta taka ka. Sura 2 tana kan ba mai zoben zinariya kujerar gaba a bar talaka a tsaye. Ranar baiko na musamman ka duba wa ke zaune a gaba a cocinku.

42/ Sura 3 harshe. Sura 5 tana maganar ladan 'yan ƙwadagon da suka yi girbi aka danne musu. Wanda wannan ayar ke kansa, in yaran da suka yanke masa shinkafa a fadama suka zo da yamma, bakinsa zai yi nauyin cewa "ku dawo ranar kasuwa." Ayar za ta riga shi magana.

43/ Kasuwa ma haka. Maimaitawar Shari'a 25 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Duk wanda ya taɓa awo ya san mudun saye da mudun sayarwa, da wanda aka bubbuga gindinsa. Littafin na kan shiryayye a gida, mudun na hannunka a rumfa. In ayar ba ta biyo ka kasuwa a ka ba, ba ta da amfani a wannan lokacin.

44/ Ko a nan dandalin. Labarin hari ya fito, jini ya hau, yatsa na kan madannai. Daƙiƙa nawa ke tsakanin fushi da turawa? Ba za ka je neman Romawa 12 a lokacin ba. Ko tana ciki ta riƙe maka hannu, ko ka rubuta abin da zai sa wani ɗan'uwa a wani ƙauye ya kwana a firgice.

45/ Maganar harshe kuma. Akwai matasanmu da Hausa ce harshen da suke mafarki da shi, da ita suke faɗa, da ita suke ciniki, amma in za su yi addu'a sai su koma Turancin Sarki James da ko Bature ya daina yi. Wai Hausa ta 'yan ƙauye ce. Haba.

46/ Ka haddace da harshen da kake fushi da shi, don a nan za ka buƙaci ayar. In Turanci ne, to. In Tibi ne ko Ibo ko Tangale, to. Amma Bahaushe ya sa Nassi a harshen lakca kawai, ya bar harshen zuciyarsa wayam, ya cuci kansa.

47/ Kuma ka zaɓi fassara ɗaya ka tsaya a kanta. Tsohuwar tana cewa Matta da Yohanna da Misalai, ta 1979 tana cewa Matiyu da Yahaya da Karin Magana, ga kuma Sabon Rai Don Kowa. In kana tsalle tsakaninsu ba abin da zai zauna. Ɗauki wadda ake karantawa a cocinku, don kunnenka ya riƙa jin ta.

48/ Yadda ake yi kuwa, ba sai an kira taron ƙara wa juna sani an yanka tikiti ba. Leƙa makarantar allon unguwarku. Ba a ba yaro shafi goma. Kaɗan ake rubuta masa. Ya rubuta da hannu, ya faɗa da murya, ya biya wa malam, sai ya zauna sannan a wanke a ƙara. Kuma ba a barin na baya, kullum ana tishi.

49/ Tishin nan shi ne inda muke faɗuwa. Ayar haddacewa ta makarantar Lahadi: a koya da ƙarfe tara, a faɗa da ƙarfe goma, a ba da alewa, a manta kafin a isa gida. Mako mai zuwa wata sabuwa. Shekara goma yaro na wannan, a ƙarshe Yahaya 3:16 kawai ta rage.

50/ Ban ce komai na tsangaya abin koyi ba ne. Barar yara da bulala, Musulmi da kansu suna muhawara a kai, kuma su ma malamansu na faɗa a kan hadda ba fahimta. Mu namu da harshenmu yake, ba mu da uzurin rashin ganewa. Tsarin nake cewa a ɗauka: kaɗan, da murya, kullum, gaban wani.

51/ "Gaban wani" ɗin nan kar a raina shi. Kai kaɗai za ka yaudari kanka cewa ta zauna. Sai ƙanwarka ta riƙe Littafin tana bin ka da yatsa za ka san ka tsallake layi biyu.

52/ Lokaci? Maimaitawar Shari'a 6 ta riga ta raba: zama a gida, tafiya a hanya, kwanciya, tashi. Ba ta ce a ware awa uku ba. Layin borehol. Jiran mota ta cika a tasha, wanda kowa ya san zai iya cin awa. Tafiya daga ɗaki zuwa lakca. Maƙwabtanmu sau biyar a rana suke tsayar da komai. Mu minti goma ya gagara?

53/ Kuma iyaye aka ba wannan umarnin, ba malamar makarantar Lahadi ba. Baba, in kana karanta wannan: ɗanka na ganin kana riƙe da sunayen 'yan wasan Arsenal har da na benci. Ya san abin da ke da muhimmanci a gidan ba sai an gaya masa ba.

54/ Shugabanninmu, da girmamawa. Sujada awa uku: sanarwa minti 40, baiko kashi huɗu, karatun Nassi aya biyu a gurguje. Bulus ya gaya wa Timoti ya lazimci karanta Nassi gaban jama'a. A gwada karanta sura guda cikakkiya, a hankali, da Hausa mai kyau, kowace Lahadi. Tsofaffin da ba sa karatu da kunne suke ɗauka, kuma sun fi mu riƙewa.

55/ 'Yan kwaya, ku ne kuka fi kowa dama. Abin da aka rera ba ya fita. Zumuntar mata sun daɗe da gane wannan, shi ya sa labaran Littafi suke zaune a kansu. Maimakon maimaita layi ɗaya sau 30, ku ɗora Zabura 121 a kan kari, aya takwas ce. Wata guda duk coci ta haddace ba wanda ya sani.

56/ Kar wani ya ce girman Littafin ne. E, littattafai 66 ne, surori 1,189, ya ninka Alƙur'ani tsawo sau da yawa, ba wanda ya ce ka haɗiye shi duka. Huɗubar Yesu a kan dutse, Matiyu 5 zuwa 7, aya 111 ce. Filibiyawa 104. Yakubu 108. Kai da ka haddace handawut mai shafi 40 a dare biyu saboda maki.

57/ Ga abin da za mu yi, ga mai so. Ranar Litinin za mu fara Yakubu, aya biyu a rana, kwana 54. Ka rubuta su da biro a takarda da safe ka sa a aljihu. Da dare ka tura wa mutum ɗaya saƙon murya, daga aya ta farko har inda aka tsaya, ido a rufe. Shi ma ya turo nasa. Lahadi ba ƙari, tishi kawai, don haka zai ɗan haura wata biyu.

58/ Wanda ba shi da data ya biya wa na kusa da shi, ko mamarsa, ko abokin ɗaki. Masu son shiga ku ajiye ✋ a ƙasa ku faɗi fassarar da za ku yi da ita, in haɗa ku bibbiyu kafin daren Lahadi. Masu zagi kuma layinku daban, amma ku fara kawo Dokoki Goman nan na lamba 5.